Kuɗin gini ko rumbun gwauraye: ina hatsin godiyar kaka zai tafi bana?

Ladi:
Salama 'yan'uwa. Don Allah ina so mu yi magana ta gaskiya a nan, ba faɗa ba. Kaka ta zo, an fara raba ambulan na bikin godiya, a ikilisiyarmu kuma an riga an sanar cewa duk abin da aka tara bana gini zai tafi, za a sa tayil da silin. Ni ban ƙi gini ba. Amma tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 kowa ya san yadda gidaje suka koma, akwai masu bi da muke zama benci ɗaya da su waɗanda sau ɗaya suke ɗora tukunya a rana, in Yuli da Agusta suka zo kuwa ko ɗayan ma sai an yi dabara. To me zai hana masara da dawa da waken da mutane ke kawowa gaban bagade a ajiye su maimakon a yi gwanjonsu a ranar? In damina ta yi tsakiya sai a fitar a ba gwauraye da marayu da waɗanda aka kora daga ƙauyukansu. Fastoci da dattawa da ke gidan nan ku taimake ni.

Ishaku:
Anti Ladi kin faɗi abin da ke bakin mutane da yawa. Mu matasa gsky mun gaji da lanchin, wato taron tara kuɗi, bara na janareta ne, kafin nan na katanga, yanzu kuma tayil, alhali rabin 'yan zumuntarmu sun gama makaranta suna zaune ba aiki

Dattijo Bitrus:
'Yata Ladi na ji ki, kuma na san da zuciya ɗaya kika yi magana. Amma ni ma'aji ne a ikilisiyarmu, bari in gaya miki yadda kuɗin ke tafiya don mutane da yawa suna zaton baikon Lahadi yana kwana a akwati. Akwai kason da ake turawa gunduma da hedkwata, wannan ba mu da ikon taɓawa. Akwai albashin fasto, akwai mai bishara da muke riƙewa a ƙauye shi da iyalinsa, ga kuɗin wuta ga man janareta, ga marar lafiya da za a kai asibiti da tsakar dare a zo a buga mini ƙofa. Kafin ƙarshen wata babu abin da ya rage. Godiyar kaka ita kaɗai ce lokacin da kuɗi ke shigowa a dunƙule, siminti da kwano kuwa ba sa jiran kowa, abin da ba ka saya bana ba baɗi sai ka ƙara kuɗi mai yawa. Ki duba Haggai sura 1, Ubangiji da kansa ya yi wa mutanensa faɗa don sun gyara gidajensu sun bar gidansa kango.

Ladi:
Baba na gode, kuma ban san nauyin ya kai haka ba. Da a ce rufi ne ke yoyo a kan mutane ni zan fara kawo nawa. Amma majami'armu ba kango ba ce Baba, tana da rufi tana da ƙofofi da tagogi, daɓen siminti ne kawai ake so a rufe da tayil. Wannan zai iya jira shekara ɗaya. Yaron da ya kwana da yunwa fa?

Mama Saratu:
Ladi 'yata Ubangiji ya yi miki albarka. Mu a zumuntar mata mun daɗe muna yin ɗan namu ba tare da an sanar a bagade ba. Duk ranar taronmu kowace mace tana zuwa da gwangwanin madara ɗaya na abin da take da shi, masara ko shinkafa ko wake, akwai daro uku a bayan ƙofa, kina shiga ki juye ki wuce ki zauna, ba wanda ke rubuta suna. Ƙarshen wata mu auna da mudu mu ƙulla a leda, mata biyu su kai gidajen da muka sani da yamma kamar gaisuwa suka je. Amma gwangwani nawa ne? Ba ya kai su mako. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar lanchin, a riƙe makirfo ana kiran suna ɗaya ɗaya ana faɗin abin da kowa ya bayar ana tafi, matar da mijinta ya rasu ba ta da ko ɗari biyar sai ta ce jikinta ba daɗi ta zauna a gida. Ni na san su, na je na same su lafiyarsu ƙalau, kunya ce ta hana su zuwa sujada. Baba Bitrus ku dattawa ku duba wannan ma.

Hannatu:
Ina goyon bayan Ladi amma don Allah a yi hankali da yadda za a raba. Ni 'yar Katolika ce a Abuja nake. Kun tuna abin da ya faru a cocin Holy Trinity da ke Maitama ranar Asabar 21 ga Disamba 2024? Rabon abinci ne na Kirsimeti, niyya mai kyau, aikin da aka saba yi wa mabukata, amma labari ya bazu mutane suka taru tun dare bai gama wayewa ba daga unguwanni masu nisa, aka yi turmutsutsu a ƙofa, 'yan sanda suka ce mutum 10 suka mutu har da yara. A ranar nan kuma a Okija jihar Anambra mutum 22 suka rasu wajen rabon shinkafa, kwana uku kafin nan yara 35 a Ibadan. Ba mugunta ce ta kashe su ba, yunwa ce ta yi yawa har ƙofa ɗaya ba ta iya ɗaukar jama'ar da za ta zo. Don haka duk wanda zai yi rumbu kada ya sa rana ya ce a zo a karɓa. A kai wa mutum gidansa yadda Mama Saratu ta ce.

Ishaku:
To ai nan ne matsalar take. Mutane na mutuwa a layin shinkafa mu kuma muna maganar mudu. Wa ya jefa su cikin yunwar? Aikin shugabannin ikilisiya ne su buɗe baki su gaya wa gwamnati gaskiya, ba su je gidan gwamnati a ɗauki hoto a dawo ba. Bishop Kukah na Sakkwato duk Kirsimeti da Ista sai ya fitar da saƙo ya faɗi abin da ke damun talaka ko za a zage shi, saura fa? A Bokkos da Barikin Ladi an kashe fiye da mutum 100 a daren jajibirin Kirsimeti na 2023, manoma da yawa har yau suna tsoron gonakinsu na nesa, in ba a yi noma ba wane hatsi za a kawo godiya balle a ajiye

Rabaran Yohanna:
Salamar Ubangiji ta kasance da ku duka. Na karanta tun daga sama kafin in sa baki.

Ishaku ɗana, gaskiyarka, annabawa ba su yi shiru a gaban sarakuna ba, Amos bai yi shiru ba, Yohanna Mai Baftisma kansa aka sare saboda ya faɗa wa Hirudus gaskiya. Amma ka lura, ko yau duk fastocin ƙasar nan suka yi magana da murya ɗaya, gwauruwar da ke bayan majami'arku sai ta ci abinci da daren nan. Ɗaya ba ya hana ɗaya. Kuma wanda bai ciyar da na gidansa ba, in ya je gaban gwamna da wane baki zai yi magana?

Abin da Ladi ta kawo ba sabon abu ba ne, mu ne muka bar shi. A Ayyukan Manzanni sura 6 gunaguni na farko da ya tashi a ikilisiya a kan rabon abincin gwauraye ne, Yahudawa masu jin Helenanci suka ce ana tsallake nasu. Manzanni ba su ce wa mutane ku yi shiru ku yi addu'a ba, sun tara jama'a suka ce ku zaɓi mutum 7 masu kyakkyawar shaida a danƙa musu aikin, Istifanas na cikinsu da Filibus. Wato ciyarwa ta zama aiki mai masu riƙe da shi kullum, ba abin da ake tunawa da shi a Disamba ba. Sannan ayar da muka fi so mu karanta in za a yi maganar zakka, Malakai 3:10, ku karanta ta har ƙarshe, dalilin da aka ce a kawo cikin ma'aji shi ne domin a sami abinci a gidan Ubangiji. Maimaitawar Shari'a 14 ta ƙara fayyacewa, a ƙarshen kowace shekara uku a ajiye zakkar amfanin gona a cikin gari, Balawe mai hidimar gidan Ubangiji da baƙo da maraya da gwauruwa su zo su ci su ƙoshi. Mu fastoci mun riƙe Balawe don mu ne, sauran ukun mun bar wa zumuntar mata da gwangwaninsu.

Baba Bitrus kuma ba ƙarya ya yi ba. Na yi aiki a ƙauyen da albashina kan yi watanni bai fito ba, da masarar da membobi ke kawowa muka rayu ni da iyali. Shi ya sa nake cewa kada a mai da maganar nan gini a gefe ɗaya talakawa a gefe ɗaya. Kuɗin ambulan ya tafi inda majalisa ta tsara. Hatsin da aka kawo kada a yi gwanjonsa, domin a kaka ne yake da arha, mu sayar da shi a ranar da ya fi kowace rana araha sannan a watan Agusta mu zo muna roƙon baiko na musamman don mu sayo shi da tsada.

Dattijo Bitrus:
Rabaran, gwanjon nan fa ba farashin kasuwa ake saye ba, masu hali suna ɗaga kuɗin da gangan don su taimaki aikin, buhu ɗaya yakan tashi fiye da kuɗinsa. In aka hana, wannan kuɗin ya tafi.

Rabaran Yohanna:
Haka ne Baba. To a bar su su ɗaga, wanda ya saya in ya ga dama ya ce na saya na mayar rumbu. Na ga inda ake yin haka da kaji da awaki, mutum ya saya ya ce a kai gidan fasto. Abin da aka iya yi wa fasto za a iya yi wa maraya.

Iliya Maradi:
Ina gaida ku daga Nijar. Abin da kuke magana a kai mu nan bankin hatsi muke ce masa, ƙauyuka da yawa suna da shi musamman bayan yunwar 2005 da ta yi wa yankinmu mugun kamu. Ana sayen gero a kaka a rufe, in rani ya yi nisa rumbuna sun ƙare sai a buɗe a sayar wa 'yan gari ƙasa da kuɗin kasuwa, ko a ba da bashi a biya da hatsi in an girbe. Amma in gaya muku gaskiya bankunan da yawa sun mutu, kuma ba fari ne ya kashe su ba. Bashi ne da ba a biya, da mai riƙe da mabuɗi da ke ba danginsa, shekara biyu sai a buɗe ɗaki a ga buhu uku. Waɗanda suka daɗe galibi mata ne ke riƙe da su. Shawarata ku raba gida biyu tun farko, kaso ɗaya kyauta ne ga wanda ba shi da ƙarfin biya kada ma a rubuta masa bashi, kaso ɗaya a sayar da rahusa hannu da hannu don kuɗin ya sayo na baɗi. Kada ku ba da bashi a ikilisiya, ranar da kuka je karɓa mutum zai daina zuwa sujada.

Dauda manomi:
Ni ta wajen ajiya zan yi magana don nan ne ake asara. Masarar da ake kawowa godiya yawanci ba ta gama bushewa ba, in ka ɗinke ta haka ka jingina da bango wata biyu za ka ga ta yi baƙi tana wari, wannan ko kaji bai kamata a ba su ba. Sai an sake shanya ta a kan tampol har in ka ciza ƙwaya ta fashe da ƙara. Wake kuma ƙwari ne abokan gabansa, a nemi buhun PICS mai leda biyu a ciki, a matse iska a ɗaure kowace leda daban, ƙwaron da ke ciki zai mutu da kansa ba sai an zuba magani ba. Don Allah kada wani ya ce zai yayyafa maganin feshi a abincin da marayu za su ci. A jera katako a ƙasa a ɗora buhuna a kai, a bar tazara da bango saboda danshi da ɓera. Sannan kada a ɗauka dole farashi ya tashi, a 2025 waɗanda suka ɓoye hatsi don riba da yawa sun yi kuka don ya faɗi. Amma mu ba riba muke nema ba, ko ya faɗi tuwo ne dai za a ci.

Markus:
Ni kam ina da tambaya kada a ji haushi. Wa zai tantance mabukaci? Bulus ya ce wanda ya ƙi aiki kada ya ci. Da zarar an ji ana rabon masara za ku ga sababbin fuskoki sun cika benci, wasu ma 'ya'yansu na aiki a birni suna da hali. Kuma in maƙwabta waɗanda ba masu bi ba suka zo fa, za a ba su ne ko na membobi ne kawai

Mama Saratu:
Markus ɗana wanda ya ƙi aiki aka ce, ba wanda ya rasa ba. Matan da nake magana a kansu su ne ke fasa dutse da surfe da wankau a gidajen mutane. Tantancewa kuwa ka bar mana, mu muke shiga ɗakunansu, mun san wadda ta sayar da katifarta ta biya kuɗin makaranta.

Rabaran Yohanna:
Tambayar Markus tana kan hanya. 1 Timoti sura 5 ta yi maganar rubuta gwauraye a littafi, ta kuma ce wadda take da 'ya'ya ko jikoki su fara ɗaukar nauyinta don kada a nawaita wa ikilisiya. Wato aikin kwamitin ya haɗa da kiran ɗan da ke birni a tuna masa da uwarsa. Wannan ma aikin fasto ne, kuma ya fi rabon masara wuya.

Mama Naomi:
Ni ban cika rubutu a nan ba amma maganar Markus ta ƙarshe ta taɓa ni. Ni 'yar EYN ce, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya. A ƙarshen Oktoba 2014 da Boko Haram suka shiga Mubi suka kama hedkwatarmu a Kwarhi, da ƙafa muka fita ta daji ni da yara, zane ɗaya ne a jikina. A hanya wanda ya ba mu ruwa da ɗanyen gyaɗa bai tambaye mu addininmu ba, mu ma ba mu tambaye shi ba. Da muka isa Yola dubban mutane ne a harabar cocin Saint Theresa, Bishop Stephen Mamza ya buɗe ƙofa, mu ba 'yan Katolika ba ne aka karɓe mu, Musulmi ma suna zuwa karɓar abinci ana ba su. Daga baya da ya gina wa 'yan gudun hijira gidaje har masallaci ya gina wa Musulmin cikinsu, wasu sun yi ta surutu a kai. Ni dai da na ci wannan abincin ba zan iya cewa a tambayi mai yunwa katin baftisma ba. A fara da na gida, Galatiyawa 6:10 ta ce haka, amma ta ce a yi wa kowa alheri. Kuma ku sani wanda ya fi bukata ba zai zo ya roƙa ba. Ni da muna gida mu ke ba wasu, ranar da na fara tsayawa a layi da kwano kuka na yi ta yi har na kasa miƙa hannu.

Markus:
Mama na ji, Allah ya ƙara ta'azantar da ku. Ban yi tambayar don a hana kowa ba, tsoron rigima nake yi.

Ishaku:
Mu matasa za mu iya ɗaukar shanya da ɗinki da dako. Kuma akwai filin ikilisiya a bayan makaranta da ciyawa kawai ke ci, in majalisa ta yarda mu yi gayya mu noma shi baɗi duk abin da ya fito ya shiga rumbun. Amma maganar shugabanni su yi wa gwamnati magana ban janye ba Rabaran

Rabaran Yohanna:
Kada ka janye.

Dattijo Bitrus:
To na ji duka. Ni abin da nake tsoro shi ne abin da ɗan'uwanmu na Maradi ya faɗa, don in buhu ɗaya ya ɓace sunan ma'aji za a fara kira. In za a yi, kada mabuɗi ya zauna a hannuna ko na fasto. A sa kwaɗo biyu, ɗaya wurin zumuntar mata ɗaya wurin dattijon da jama'a suka zaɓa, ba a buɗewa sai su biyun suna nan, a kuma karanta wa ikilisiya buhu nawa ya shiga nawa ya fita duk wata uku ba tare da an faɗi sunan wanda ya karɓa ba. Bulus ma da zai kai gudummawa Urushalima bai tafi shi kaɗai ba, ikilisiyoyi sun zaɓi wanda zai raka shi don kada a sami abin zargi. Maganar tayil kuwa ba zan yi alkawari ba, an riga an karɓi kuɗin wasu da sunan tayil kuma ba daidai ba ne a juya shi ba da saninsu ba. Kiran suna da makirfo da Mama Saratu ta faɗa, wannan zan kai gaban majalisarmu da kaina.

Ladi:
Na gode Baba, na gode kowa. Rabaran ta yaya zan shigar da maganar a wurinmu, ni ba 'yar majalisa ba ce, in tashi in faɗa ranar Lahadi ne?

Rabaran Yohanna:
A'a 'yata, kada ki tashi a sujada, za a ɗauka ƙara kika kawo. Ki fara zuwa wurin fastonku ke da shugabar zumuntar mata ku gaya masa baki da baki. Sannan ku rubuta takarda shafi ɗaya da sunan zumunta ku ba sakatare kafin zaman majalisa na gaba, ku sa ɗakin da za a ajiye, da waɗanda za su riƙe mabuɗi, da watan da za a buɗe, da kimanin gidaje nawa kuke gani ba tare da suna ba. Ku yi sauri kafin ranar godiyar, in an riga an yi gwanjo sai baɗi.

Dauda manomi:
Ku sa kuɗin buhuna da katako a takardar, kada a amince sannan a rasa abin zubawa